Rabona a Kurmin Kofur Burtu

Na Allah ne mu, can kuma za mu koma, da mai so da marar so. Yayana ya riga ni. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, mu biyu rak Inna ta bari a duniya, yanzu saura ni. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya ce ban faɗa ba, saboda abin da zai biyo baya ba kowa zai ji daɗinsa ba.

An ce ba a faɗin aibun mamaci. To ni ba aibunsa na zo faɗa ba, halinsa na zo faɗa. In halin ya yi kama da aibu, ba ni na haɗa su ba. Abin da ya sa na ɗauki biro da wannan hannun nawa shi ne ƙaryar da na ji ana zubawa a ƙofar gidansa tun daga dawowa maƙabarta. In aka bar mutumin nan a bakin mutanen garinmu, kafin a daɗe sun mai da shi wani waliyyin da ba a taɓa haifa ba, shi kuma na gaskiyar ya ɓace.

Ina cikin gida wajen mata, amma zana ce kawai tsakaninmu da maza, kunnena kuma bai tsufa ba. Na ji wani dattijo yana cewa, "Kofur ai mutumin kirki ne, tausayinsa har kan tsuntsu." Na san muryar. Shi ne wanda ya tsufa yana gaya wa baƙi a dandali cewa ƙarar bindiga ta tafi da rabin hankalin Yayana. Wata maƙwabciya kuma ta zauna kusa da ni tana matsar ido, tana cewa, "Allah sarki Baba Kofur, ko ƙuda ba ya kashewa." Ita ce ta yi renon 'ya'yanta da sunansa: ku shigo gida ko Burtu ya kwashe ku. Na tura mata faranti na ce, "Ci wainarki, kada ta huce." Tsohon maharbin garinmu kuwa shi ya fi kowa kuka, har da majina. Shi ku ajiye shi a gefe, zan dawo kansa.

Mutum biyu kaɗai na yarda da ta'aziyyarsu. Wasu tsofaffin sojoji ne da suka zo daga Kano, ɗaya da sanda, ɗaya ido guda. Ba su yabe shi ba. Suka yi addu'a, suka nemi a nuna musu ɗakinsa, suka tsaya a bakin ƙofa suka ƙame, har mai sandar ya saki sandarsa. Da suka shigo gaishe ni na ce, "Ku da kuka san shi a can, wane iri ne?" Mai ido gudan ya ce, "Hajiya, bai taɓa tambayarmu abin da muka gani ba, mu ma ba mu taɓa tambayarsa ba." Suka sha ruwa suka tafi. Ko waina ba su taɓa ba.

Ranar addu'ar uku, ba a ko naɗe tabarmi ba, babban ɗan marigayin ya leƙo ɗakin da nake, ya durƙusa kamar mai ladabi.

"Gwaggo, ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole. Su wane ne biyun nan da na hango ka bi da su ta bayan gari? Hannunsu baƙi ƙirin, ba su yi kama da masu gaisuwar mutuwa ba."

Ya sosa ƙeya. "Masu gawayi ne daga wajen Ɗambatta. Dubawa kawai suka yi. Gwaggo, ai kukanki ya ƙare. Da an yi arba'in za a raba gona, a sare kurmin nan, kowa ya huta. Na ma gaya wa ƙannena, Gwaggo tamu ce, ba wanda ya kai ta tsanar wurin."

"Haka ka gaya musu?"

"Ai duk gari an sani."

Gaskiyarsa, duk gari an sani. Amma wanda ba ɗan garinmu ba sai na warware masa.

Ubanmu gona ɗaya ya bari, doguwa. Kanta yana jikin gari inda taki yake, ko tsinke ka soka sai ya yi zangarniya. Ƙafarta kuma ta gangara rafi. Ba a taɓa raba ta ba. Al'adarmu ce mace ta bar rabonta a hannun ɗan'uwanta, in kaka ta yi ya aiko mata da damma, in aure ya ƙi tana da gidan komawa. Haka na bar nawa, kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya san ƙasarmu kuwa ya san ba a barin ƙasa ta zauna banza. Gona jikin gona, gamba ce kawai iyaka, a kan kunya ɗaya wa da ƙane sukan daina gaisawa har mutuwa. A irin wannan ƙasar Yayana ya ajiye kakin soja, bayan ya yi yaƙin basasa ya ƙara wasu shekaru a bariki, ya dawo da akwatin ƙarfe da bargo da kyamara, ya tsaya a ƙafar gonar ubanmu ya ce daga tsamiyar can zuwa rafi ba za a ƙara sa fartanya ba.

Aka yi ta dariya, ana cewa yunwa za ta dawo da shi hanya. Yunwa ba ta dawo da shi ba. Sabara ta fito, geza ta fito, magarya da sarƙaƙiya suka rufe wurin. Duk abin da aka kora daga gonakin mutane can ya yi ƙaura: zabin daji, makwarwa, zomo, bushiya, damo, kurege. Gonar wa ke jikin kurmin? Ta mijina, Allah ya jiƙansa. In na shuka gyaɗa kurege ya bi layi ya tone, kamar tare muka shuka. In gero ya fara ido tsuntsaye su taso daga wajen Yayana su yi walima, su koma wajensa su kwana.

Na same shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

"Yaya, ina rabona?"

"Yana nan, Auta, na ajiye miki."

"Wa ka ba ajiyar? Kurege?"

"Kurege bai taɓa sayar da gonar kowa ba."

Haka yake magana, a hankali, yana goge gilashin kyamara da bakin riga, ko kallona ba ya yi. Da ihu yake yi da na fi samun sauƙi.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, 'ya'yana suna kwana da tafasa da ɗan dusa, mijina ya kai tarko bakin kurmin don zabi. Yayana ya tsince tarkon ya kawo har ƙofar ɗakina ya ajiye, ya ce, "Gaya wa maigidanki ya yar da kayansa a hanya." Na fito na wanke shi tas, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya juya ya tafi. Da la'asar sai ga jaki da damma, ya buɗe rumbunsa ya raba biyu ya aiko mini rabi, alhali nasa gidan ma ba ƙoshi ake ba. Na karɓa, ban musa ba, 'ya'yana sun rayu da shi. Amma ni ba sadaka na je nema ba, haƙƙina na je nema. Mutum ya riƙe maka naka, ya ba ka nasa, ya kuma sa dole ka yi godiya, wannan wace irin mugunta ce? Zabin kuwa ko ɗaya ba a taɓa ba. Suna can suna kiran junansu da safe, mu muna jin su da cikinmu.

Sunan Burtu ga inda ya samo shi. Burtu tsuntsu ne babba, baƙi, mai dogon baki, a ƙasa yake kiwo, namun daji ba sa gudunsa. Shi ya sa maharba sukan sassaƙa kansa da itace, ko su samo na gaske, su ɗaura a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su duƙa suna rarrafe suna caccakar ƙasa, har su kai gaban barewa ba ta farga ba. Yayana ya je wajen maharbin nan mai majina ya sayi nasa. Mutum da girmansa, mai mata da 'ya'ya, wanda ya yi wa ƙasa yaƙi, sai ka hango shi da hantsi a ƙarshen gonar ubanmu yana rarrafe yana gyaɗa kai, kyamara tana lilo a ƙirji. Ni da nake ƙanwarsa ni na sha kunyar. A bakin rijiya mata suke tare ni, "Auta, yau Yayanki ya yi ƙwai?"

Wata damina ciyawa ta yi tsawo, maharbin nan ya biyo ta gefen rafi da bindigar tokarsa, ya hango burtu yana kiwo. Ya ce a ransa ga sabon kai ya samu, tunda ya sayar da tsohon. Ya auna ya saki. Burtu ya yi salati.

A amalanke aka kwaso shi, ɗuwawu duk guntayen ƙarfe, wanzami ya wuni yana tsincewa. Maharbi yana gefe yana rantse-rantse: "Wallahi tallahi Kofur, ni na sassaƙa kan nan da hannuna, amma yadda ka karkata wuya, ko uwar burtu sai ta ruɗe!" Ni na ce a kai shi gaban dagaci, a karɓe bindigar. Yayana yana kwance rub da ciki, dariya yake har gadon yana motsi.

"Auta, ƙyale shi. Tunda nake ba a taɓa yabona kamar yau ba. In maharbi ya ruɗe, tsuntsu ma ya ruɗe."

Ya aika masa da goro. Goro! Mutumin da ya kusa aika shi lahira. Har ya mutu in an tambaye shi raunin yaƙi sai ya ce yaƙi bai huda shi ba, sai da ya dawo gida.

Hotunan kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya. Fanshonsa duk can yake tafiya, ya hau motar Kano ya kai a wanke, ya dawo da ambulan a ƙirji kamar ya ɗauko jariri. Akwai damo da ya fito da harshe, kai ka ce zai lashe ka. Akwai zabuwa da 'yan tsakinta a jere suna tsallake hanyar shanu. Akwai gauraka biyu suna rawa a bakin rafinmu, rafin nan da kuke gani, da tukkunsu kamar amare. Jikokina ba su taɓa ganin gauraka ba sai a akwatinsa. Yakan ce, "Wanda bai iya zama shiru ba, bai taɓa ganin komai ba." Da ni yake, na sani.

Amma mutum ko ɗaya bai taɓa ɗauka ba. Ba bikin aure, ba suna, ba sallah. 'Ya'yan cikinsa sai dai a kira mai hoto daga kasuwa, alhali ubansu yana da kyamarar da ta fi tasa. In an matsa masa sai ya ce, "Idona ya gama auna ɗan Adam. Ka rufe ido ɗaya, ka sa mutum a tsakiya, ka danna. Na yi, ya ishe ni." Ko wannan ma sau biyu kawai na ji daga bakinsa, ya kuma tashi ya bar wurin.

Da Inna ta tsufa, ƙafa ta fara ƙi, na ce masa, "Yaya, bar maganar gona, bar maganar komai. Ka ɗauki Inna sau ɗaya." Ya ce to. Na yi mata wanka, na ɗaura mata zanen da take so, na zaunar da ita a bakin ƙofa inda rana take. Ya zo ya tsaya, ya ɗaga kyamarar zuwa ido. Ina kallonsa, ya kasa tsayar da ita wuri ɗaya, ya kasa dannawa. Mutumin da yake wuni a duƙe ƙuda na yawo a hancinsa bai motsa ba. Ya sauke, ya juya, ya fita. Inna ta ce, "Ki bar shi, Auta." Kullum maganarta ke nan a kansa, ki bar shi. Mai hoton kasuwa kuma ta ce ba za ta zauna wa baƙo ba.

Inna ta rasu ba hoto. Bayan bakwai na shiga ɗakinsa na juye akwatin a tabarma, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ko da kuskure ta faɗo a gefe. Ƙadangare yana nan kala-kala. Mujiya tana nan. Uwarmu babu. Da aka kwana biyu ya zo gidana ya miƙo mini hoto ɗaya: tsamiyar bakin kurmi ce, da saiwar nan da ta fito waje, inda Inna take zama in ta gaji da tsintar tsamiya. Ba kowa a kai. Ya ce, "Nan take zama." Ina gaban murhu, na karɓa na tura ƙarƙashin tukunya. Har gobe ban yi nadama ba. Uwata ba itace ba ce.

Daga nan muka shekara ba ma gaisawa. Na kai ƙara wajen tsohon dagaci, ya ce ɗan'uwa rabin jiki, in yi haƙuri. Na ce to zan je gaban alƙali. Aka ce sai an rubuta ƙara. Ni kuma ban yarda in biya wani ƙato ya rubuta abin da ban iya dubawa ba. Lokacin an buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a garin gaba, na riga na yi jika, furfura ta fito. Na ɗauki allona na kama hanya, gari yana dariya, wai tsohuwa za ta zama akawu.

Rana ta uku ina tafe cikin rana sai na ji ƙararrawar keke a bayana.

"Hau."

"Ba na hawa keken azzalumi."

"Hau, Auta. In kika makara yaushe za ki kai ni kotu?"

Na tsaya. Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ke kika gaya wa rijiya. Hau. Ki koya da kyau, ki rubuta ƙarata da hannunki, kada a rage miki ko kalma ɗaya."

Na hau, don ƙafata tana ciwo. Kullum shi yake kai ni ya ɗauko ni, muna faɗa tun daga ƙofar gida har ƙofar aji. Da ya ga baƙaƙen suna ba ni wuya, sai ya riƙa zuwa da hotunansa da yamma, ya rubuta sunan kowane a baya da manyan baƙaƙe. Ya nuna mini gaba, ya juya baya. Balbela. Zomo. Shamuwa. Abin takaici, da abokan gabata na koyi karatu. Kalmar farko da na karanta ni kaɗai ba a taimake ni ba, kurege ce. Ya tafa kamar an yi masa bushara. Na ce, "Tafa da kyau, da igiyar da kake murzawa za a ɗaure ka." Ya ce, "In dai ke kika rubuta, zan sa hannu a ƙasa."

Kafin hannuna ya faɗa sosai, ciwon ƙafa ya kama shi. Ba a kai gurgu kotu, sai a ce ba ni da imani. Na ce sai ya warke. Bai warke ba, shekara da shekaru yana ja, ya daina rarrafe, sai dai a kai masa kujera gindin tsamiya ya zauna.

Bazarar bana ya kwanta. Ni nake dama masa kunu in kai masa da hantsi, don na matarsa ba ya sha, ya ce ba tsami. Kullum tambayarsa ɗaya, shamuwa, don a kan tsamiyar nan take sheƙa duk shekara, kuma in ta sauka kowa ya san ruwa ya kusa, a fito da iri.

"Ta sauka?"

"Ni 'yar aikenka ce?"

"In kin bi ta can ki ɗaga kai."

Ina bi ta can, don hanyata ce. Ba ta sauka ba. Haka na riƙa gaya masa, har ranar da na kai kunu na tarar ana salati. Bai bar mini wasiyya a kan kurmi ba, bai roƙe ni komai ba. Da ya roƙe ni da na ƙi, ya san ni.

Bayan bakwai na fita zubar da toka a bolar bayan gidansa, sai na ga baki ya leƙo daga cikin shara. Kan burtun ne. An share ɗakin mamaci an haɗa da shi. Na ɗauka na kakkaɓe, na sa a cikin mayafi. Akwatin hotunan ma ba wanda ya nema, matarsa ta ce in ɗauke kafin gara ta ci.

Aka yi arba'in, aka sa ranar rabo. Dagaci ya zo, liman ya zo, aka kawo igiya. Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin gawo a tsakiyar gona. Can gefe kuma ga masu gawayin nan biyu a kan babur, da injin yankan itace a ɗaure a baya. Ko kunyar su ɓoye shi ba su ji ba. Liman ya yi bayani cewa gado biyu ne a nan, na ubanmu shi ne farko, sai an fitar mini da nawa sannan 'ya'yan marigayi da uwarsu su raba saura. Ɗana, babban, ya matso kunnena: "Iya, kan gonar. Mai takin. Kada ki bari su yi miki wayo." Yana da iyali da yawa, gonar ubansa ta yi musu kaɗan, na sani.

Dagaci ya ce, "Gwaggo, ke ce babba, ke ce kuma haƙƙinki ya daɗe a hannu. Nuna inda za a ja miki igiya."

Na ɗaga sanda na nuna ƙasa. "Daga tsamiya zuwa rafi."

Ɗana ya ce, "Iya!" Babban ɗan marigayi kuwa har haƙoransa suka fito, ga mai takin ya faɗo musu. Ya ce, "Madalla, Gwaggo. Yau ɗin nan za a sare miki, a share miki tas, ga mutane a shirye."

"Wa ya aike ka?"

"Na'am?"

"Na ce wa ya aike ka? Ranka ya daɗe, a shaida. Wurin nan nawa ne yanzu. Ko ƙaya aka karya a ciki, ga hannuna ya iya rubutu."

Yaron ya miƙe tsaye, ya manta a gaban manya yake. "Gwaggo, ke fa kika ce wurin nan annoba ne! Mu muka sha sunan 'ya'yan Burtu a makaranta. Ɗakin uwarmu yana yoyo, shi yana Kano wajen wankin hoton ƙadangare!"

Na ce, "Ba ka yi ƙarya ba, an yi haka. Ga mai takin nan na bar muku, ku rufa wa uwarku ɗaki. Annoba kuma na ce, har yanzu annoba ce, amma tawa ce. Ni na zagi ubanka a gaban idonsa tun ba a haife ka ba, yana ramawa. Kai me ka taɓa faɗa masa yana da rai? Sai da ka ga an rufe shi ka jefa kansa a bola, ka kawo masa inji, ka kuma ce da sunana za ka yi. Faɗan nan tsakanina da ubanka ne. Ba ya cikin gado."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Dagaci ya ce a ja igiya. Masu gawayi suka tada babur.

Ɗana ya ce, "Iya, to me za mu ci a ciki?"

Na ce, "Abin da ka ci bara."

Ya kakkaɓe riga ya tafi. Har yau da nake rubutun nan bai tako ɗakina ba, sai dai matarsa ta kawo tuwo ta ajiye ba magana. Yana da gaskiyarsa. Na hana jikokina gona mai taki saboda zabi da kurege, irin abin da na tsufa ina zagin wani a kai. A bakin rijiya an fara cewa ciwon gidan ne, ya bar wa ya kama ƙanwa. Su faɗa. Maƙwabciyar nan mai waina ita ce kan gaba.

Ranar jana'iza da aka aiko cikin gida cewa duk mai haƙƙi a kan mamaci ya yafe, mata duk suka juyo suna kallona. Na ce na yafe, don kada a tsare shi a can saboda ni. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da ya gani da abin da ya yi a inda aka tura shi. Amma yafiya daban, magana daban. Maganar hoton Inna tana nan, in na iske shi daga nan zan ɗora. Ƙarar da na koyi rubutu dominta kuwa ga ta nan na rubuta, sai dai wanda ake ƙara ya tsere, ba mai sa hannu a ƙasa.

Kan burtun na rataye shi a jikin tsamiya, bakinsa yana kallon hanya, don mai gatari ya gani daga nesa. Ranar da na kai shi na zauna a kan saiwar nan in huta, don ƙafa. Ina zaune sai na ji abu mai ɗumi ya sauka a kan mayafina, sabo fil, wanda nake fita unguwa da shi. Na ɗaga kai da zagi a bakina. Shamuwa ce, su biyu a reshen sama, baƙaƙe, cikinsu fari, ɗaya da kara a baki.

Ba a jima ba aka yi ruwan shuka. Na sa gyaɗa a ɗan wurin da mijina ya bar mini, kurege ya bi layi ya tone rabi.

Yaya, ta sauka. Ajiyar kuma na karɓa, da kuregen da komai.